GWAJIN SAURIN TASHIN ALBARUSHI DA ƘURA MAI LAUSHI A YANAYIN KANO



Gabatarwa

Duk wanda ya zo wannan lacca daga cikin birni, da wuya bai biyo ta Ƙofar Kabuga ba. Ta wannan ƙofa ce rundunar Turawan Ingila, a ƙarƙashin Kanar Morland, ta shiga Kano ran 3 ga Fabrairu, 1903, bayan igwa ta yi aikinta, alhali Sarki Alu ba ya gari. Tun kafin wannan rana ma Kanawa sun san albarushi, domin littafin Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Babba Zaki, wanda ya yi mulki daga 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga a matsayin masu tsaron sarki. Har yau kuma ƙarar bindigoginsu ce ke sanar da jama'a fitowar Sarki a hawan Salla.

Maƙasudina a yau shi ne in yi bayani a kan yadda masana ke gwada irin waɗannan abubuwa masu fashewa don su san abin da ke tayar da su ba da niyya ba, musamman idan an mai da su gari mai laushi ƙwarai. Zan haɗa da ƙurar hatsi da ta sukari da ta ƙarfe, domin su ma suna fashewa. Abin da nake so mu tashi da shi daga wannan ɗaki guda ɗaya ne: lambar da aka rubuta a takardar shaida cewa abu kaza ba shi da saurin tashi, ta dogara ne ga laushin garin da aka gwada, da kuma yanayin wurin da aka gwada shi. Garin da aka auna a Turai, a ɗaki mai laima, ba lalle ne ya nuna hali ɗaya ba a Sharaɗa ko Bompai cikin tsakiyar hunturu.

Abin da Laushi ke Yi

Kowace mace da ta taɓa hura wuta ta san cewa gungume ba ya kamawa da ashana ɗaya, amma ƙiraren da aka tsaga daga jikinsa nan take suke ci. Dalili kuwa shi ne, wuta tana ci ne a inda abu ya haɗu da iska, watau a fatarsa. Bari mu yi lissafi. Ɗauki ƙwayar abu mai kusurwa huɗu, santimita 1 a kowane gefe. Faɗin fatarta murabba'in santimita 6 ne. Idan aka yanka ta ƙanana, kowacce milimita 1, nauyi bai canja ba, amma fata ta zama murabba'in santimita 60. Idan aka niƙa ta har kowace ƙwaya ta koma maikiron 1, watau kashi ɗaya cikin 1,000 na milimita, fatar za ta kai murabba'in mita 6, faɗin ɗan ƙaramin shago ke nan daga abin da bai fi ƙwayar sukarin shayi ba. Masana na yau suna iya niƙa har ƙasa da haka, zuwa abin da suke kira ƙwayoyin nano.

Sabili da haka abubuwa iri biyu ne ke gabanmu. Na farko su ne waɗanda aka yi domin fashewa, kamar albarushi da nakiya. Ba nakiyar da ake kai wa gidan biki nake nufi ba, ta masu fasa dutse. Waɗannan suna ɗauke da iskar oksijin a jikinsu, ba sa bukatar ta waje. Na biyu su ne abubuwan yau da kullum, irin su garin alkama, garin masara, sitaci, sukari, ƙurar katako, ƙurar auduga, ƙurar kwal da ta alminiyam. Waɗannan a tsibi ba sa fashewa, sai dai su ci a hankali. Amma idan ƙwayarsu ta gaza rabin milimita, suka tashi suka gauraya da iska a rufaffen ɗaki, to tartsatsi ɗaya ya isa.

Yadda Duniya ta Koyi Darasin

Ba a ɗakin karatu aka fara gane wannan ba, a wurin jana'iza aka gane. A 1785 ƙurar gari ta fashe a wani gidan burodi a birnin Turin na Italiya, wani masani mai suna Morozzo ya rubuta rahoto a kai. A 1844 mutum 95 suka mutu a ramin kwal na Haswell a Ingila, gwamnati ta aika Michael Faraday da Charles Lyell su bincika, suka jawo hankali ga ƙurar kwal a matsayin abin da ya ƙara wa wutar ƙarfi. Ba a saurare su yadda ya kamata ba. A 1878 babbar masana'antar niƙa alkama ta Washburn a Minneapolis ta Amurka ta tashi, mutum 18 suka hallaka. A 1906 ramin kwal na Courrières a Faransa ya ci rai 1,099. Kada mu ce wannan tsohon labari ne. A Fabrairun 2008 ƙurar sukari ta kashe mutum 14 a wata matatar sukari a Port Wentworth, jihar Jojiya ta Amurka. A Agustan 2014 ƙurar alminiyam a wata masana'antar goge ƙafafun mota a Kunshan, ƙasar Sin, ta yi sanadin mutuwar mutum 146.

A ɓangaren nakiya ma haka abin yake. Ruwan naitirogilisarin, wanda Ascanio Sobrero ya gano a 1847, girgiza kaɗan take tayar da shi. A 1864 ya kashe Emil, ƙanen Alfred Nobel, a birnin Stockholm. Wannan rashi yana cikin abin da ya sa Nobel ya dage har ya sami hanyar ladabtar da shi, ya yi rajistar dainamait a 1867. Daga irin waɗannan asarori ne aka ga wajibi ne a sami ma'auni, a daina dogara ga cewar wane ya ce ba komai.

Gwaje-gwaje Huɗu

Abubuwa huɗu ne ke tayar da abu mai fashewa ba da niyya ba: bugu, guga, tartsatsi da zafi. Kowannensu yana da gwajinsa, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta tattara da yawa daga cikinsu a littafin ƙa'idojin gwajin kaya masu hatsari, wanda ƙasashe ke bi wajen sufuri.

Na farko, gwajin bugu. Na'urar da aka fi sani ta fito ne daga hukumar gwajin kayayyaki ta Jamus da ke Balin, wadda ake kira BAM a taƙaice. Ana ɗiban ɗan mitsitsin abu, murabba'in cikinsa milimita 40, bai kai ƙwayar wake ba, a sa shi tsakanin ƙarafa biyu, a sako masa guduma mai nauyin kilo 1, ko 5, ko 10 daga tsawon da aka auna. Mai gwajin yana bayan garkuwa, yana lura ko an ji ƙara, ko an ga walƙiya ko hayaƙi. Ana lissafin ƙarfin bugun da ma'aunin jul. Kilo 1 da ya faɗo daga santimita 10 kusan jul 1 ke nan. Abin da ya tashi a jul 2 ko ƙasa da haka, ƙa'idar ta ce ya yi hatsarin da ba za a ɗora shi a mota ba a wannan siffa tasa.

Na biyu, gwajin guga. Ana shimfiɗa garin a kan falle na tangaran mai kaushi, a danna shi da wani ɗan turken tangaran, a ja fallen gaba da baya sau ɗaya. Ana ƙara nauyin dannawar har zuwa nuton 360, kimanin nauyin kilo 36. Abin da ya tashi a ƙasa da nuton 80 shi ma an hana sufurinsa haka nan. Wannan gwaji yana kwaikwayon abin da ke faruwa idan gari ya shiga zaren murfin gwangwani, ko ƙarƙashin takalmi, ko tsakanin buhu da daɓen siminti.

Na uku, gwajin tartsatsi. Ana tara wutar lantarki gwargwado a na'ura, a sake ta a kan garin ta bakin allura, a yi ta rage ƙarfinta har a kai inda ba ya kamawa. A nan ma'aunin milijul ne, kashi ɗaya cikin 1,000 na jul.

Na huɗu, gwajin zafi. Ɗaya daga cikinsu shi ne a ajiye abin a zafin digiri 75 na ma'aunin santigireti har sa'a 48, a ga ko zai kama, ko ya fara ɗumama kansa da kansa.

Ƙurar masana'anta kuwa tana da nata na'urori. Akwai bututun Hartmann, wanda aka ƙirƙiro a Hukumar Ma'adinai ta Amurka, da kuma ƙwallon ƙarfe mai cin lita 20. Ana hura ƙurar a ciki, a kunna mata wuta, a auna yawan matsin da ta haifar da saurin hawansa. Ƙurar hatsi da ta sukari kan kai matsin da ya ninka na iskar duniya sau 7 zuwa 10, alhali bangon bulo ba ya jure ko da kashi ɗaya cikin goma na wannan.

Yadda Ake Karanta Sakamako

A nan nake roƙon ma'aikatan gwamnati su ba ni hankalinsu, domin su ne takardun shaida ke zuwa teburinsu. Abu mai fashewa ba ya amsawa iri ɗaya kullum. Bugun da bai tayar da shi ba yanzu yana iya tayar da shi anjima. Don haka a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu masana a Bruceton ta Amurka suka fito da wata dabara: idan ya tashi a rage tsawon guduma taki ɗaya, idan bai tashi ba a ƙara taki ɗaya, a yi ta yi har a gano tsawon da yake tashi sau 50 cikin 100. Dixon da Mood sun bayyana lissafinta a 1948. Wannan lamba tana da amfani wajen kwatanta abu biyu, amma ba ita ce iyakar aminci ba. Wa zai yarda ya yi aiki a inda rabi rai rabi ajali?

Haka nan a tsarin BAM ana maimaita gwaji sau 6 a kowane mataki. A ce wani gari yana tashi sau 1 cikin 10 a wani ƙarfin bugu. Lissafi ya nuna cewa sau 53 cikin 100 za a yi gwaji shida a jere ba a ga komai ba. To, lebura da ke sauke buhu 100 a wuni fa? Ke nan kalmar "bai tashi ba" tana nufin bai tashi a gwaji shida ba, ba ta nufin ba zai taɓa tashi ba.

Akwai kuma wani abin da ke ruɗar da ko masu ilmi. Bowden da Yoffe na Jami'ar Kambirij sun nuna, a aikin da suka buga a 1952, cewa bugu da guga ba sa zafafa abin gaba ɗaya. Zafin yana taruwa ne a wasu 'yan ɗigo-ɗigo, a inda iska ta maƙale cikin ƙwaya, ko inda tsakuwa mai tauri ta gogi garin, daga nan wuta ta yaɗu. Saboda haka wasu abubuwan idan aka mai da su ƙwayoyin nano sukan rage jin bugu, tun da ƙananan ƙwayoyi ba su da ramukan iska da yawa. Sai mai sayarwa ya rubuta cewa sabon garin ya fi aminci. Amma laushin nan kansa yakan ƙara masa jin tartsatsi, kuma garin ƙarfe mai laushi ƙwarai yana iya kamawa da kansa idan ya sha iska. Wanda ya yi gwaji ɗaya ya bar uku, shi ne Hausawa ke ce wa ƙaramin sani ƙuƙumi.

Kano da Yanayinta

Yanzu bari mu dawo gida. Abu uku ne suka bambanta mu da ɗakunan gwajin Turai, inda aka saba aiki a zafin digiri 20 da ɗoriya, da laimar iska wajen kashi 50 cikin 100.

Na ɗaya, bushewar hunturu. A watannin Janairu da Fabrairu laimar iskar Kano da rana takan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100. Kowa a nan ya taɓa tuɓe rigar leda cikin duhu ya ji tana ƙas-ƙas, ko ya taɓa ƙofar mota ta fizge shi. Wannan wutar lantarki ce da guga ke tarawa a jiki, kuma busasshiyar iska ba ta barinta ta zurare. Jikin mutum yana iya sakin tartsatsi na milijul 10 zuwa 30. Tururin fetur yana kamawa da rubu'in milijul ɗaya. Ƙurar alminiyam mai laushi tana kamawa da ƙasa da milijul 10. Sinadaran da ke cikin kan nakiya, watau abin da ke tayar da ita, suna kamawa da tartsatsin da mutum ba zai ma ji shi a fatarsa ba. Shi ya sa masana'antun makamai ke ƙara wa iskar ɗakunansu laima da gangan. Bugu da ƙari, garin da ya bushe ƙurmus ya fi saurin tashi sama, ya fi saurin kamawa. Garin masarar da aka gwada a Agusta da wanda aka gwada a Fabrairu sunansu ɗaya, halinsu daban.

Na biyu, hazo. Ƙurar da iskar hunturu ke kawo mana daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi da sauran sassan hamada tana ɗauke da ɓarɓashin yashi mai tauri, kuma ba tagar da ke tare ta. Mun ga ɗazu cewa tsakuwa mai tauri ita ce uwar ɗigon zafi. Garin da aka gwada da tsabta a ɗakin gwaji, da wanda ya kwana a buɗe cikin hazo, ba za su ji guga iri ɗaya ba.

Na uku, zafin bazara. A Afrilu inuwa kanta takan wuce digiri 40, balle ɗakin kwano ko kwantenar ƙarfe da rana ta doka. Wasu sinadaran makamai suna ruɓewa a hankali, zafi kuma yana gaggauta ruɓewar. Abin da ya ci gwaji ranar da aka yi shi yana bukatar sabon gwaji bayan shekarun ajiya.

Ku dubi kuma abin da ke kewaye da mu. Kano garin hatsi ne: ga Kasuwar Dawanau, ga injinan niƙa a kowace unguwa, ga masana'antun shinkafa da fulawa, ga 'yan katako, ga masu fasa dutse a bayan gari. Bari in ba ku wani lissafin. Ƙurar gari mai kaurin milimita 1 a daɓe tana kai wajen giram 500 a kowane murabba'in mita. Idan ta tashi ta cika ɗaki mai tsawon mita 5, kowace mita ta iska za ta ɗauki giram 100. Yawancin ƙurar hatsi kuwa tana iya fashewa tun daga wajen giram 50 zuwa 60. Ga yadda abin ke faruwa: ƙaramar fashewa a cikin inji ta girgiza gini, ƙurar da ta shekara a kan azara da bututu ta zubo, wuta ta same ta a iska, sai fashewa ta biyu, wadda ita ce mai kisa. Haka binciken hukuma ya nuna a matatar sukarin Jojiya.

Batun ajiya ma mun ga ishara a ƙasarmu. Ran 27 ga Janairu, 2002, ma'ajin makamai na barikin Ikeja a Ikko ya tashi, fiye da mutum 1,000 suka mutu, akasarinsu sun nitse ne a magudanar ruwa ta Oke-Afa suna gudu cikin duhu. Ran 16 ga Janairu, 2024, unguwar Bodija a Ibadan ta girgiza, aka rasa rayuka da gidaje, Gwamnatin Jihar Oyo ta ce nakiyar masu haƙar ma'adinai ce da aka ɓoye a gidan zama. A waje kuma, tan 2,750 na sinadarin amoniyam naitiret da aka bari shekara shida a tashar jiragen ruwa ta Bairut ya fashe ran 4 ga Agusta, 2020, ya kashe fiye da mutum 200. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin da ya Rataya a Wuyanmu

Ga ma'aikacin gwamnati: doka tana nan, domin Dokar Abubuwa Masu Fashewa ta 1964 da ƙa'idojinta na 1967 sun wajabta lasisi ga mai shigowa da su, da mai ajiya, da mai amfani. Idan takardar shaida ta zo maka, tambayi abu huɗu kafin ka sa hannu. An yi gwaje-gwajen nan duka huɗu? Mene ne laushin garin da aka gwada, kuma shi ne wanda ke cikin buhun? A wace laima aka gwada? Yaushe aka gwada? Takardar da ba ta amsa waɗannan ba, ba ta gaya maka komai ba. Kada kuma a yarda da ma'aji a tsakiyar gidajen jama'a, ko a bar unguwa ta tsiro ta kewaye tsohon ma'aji.

Ga mai masana'anta da mai injin niƙa: shara ita ce maganin farko. A share ƙura kullum, har ta saman azara, da tsintsiya mai laushi, kada a hure ta da iskar inji. A haɗa jikin inji da ƙasa da waya. A sa maganaɗisu ya tsince ƙusa kafin hatsi ya shiga inji. Kada mai walda ya kunna wuta sai an tsayar da aiki an share wurin. Ma'aikata su sa tufafin auduga.

Ga maharba da 'yan bindiga, waɗanda suka gaji sana'arsu kaka da kakanni, ina magana da girmamawa: albarushi ba ya sanin ubangidansa. Kada ya kwana a ɗakin da yara ke kwana, ko kusa da murhu, kada kuma ƙarfe ko yashi su taɓa shi.

Ga ɗalibai: kada ɗayanku ya ce zai gwada wani abu daga cikin wannan a ɗakin kwanansa. Masana da kansu mitsitsi suke ɗiba, suna bayan garkuwa. Amma akwai aikin da ke jiranku a ɗakin gwaje-gwaje, ƙarƙashin malamanku. Lambobin da ke littattafai yawanci na ƙurar ƙasashen da suka rubuta su ne. Ya kamata a auna ƙurar gero da dawa da rogo da ɓuntun shinkafarmu, a hunturu da damina, a buga sakamakon da Hausa yadda mai injin niƙa a Kabuga ko Ɗorayi zai karanta ya gane.

Kammalawa

Idan hatsari ya auku mukan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ba mai jayayya da ƙaddara. Amma addininmu ya koya mana mu ɗaure raƙumi tukuna sannan mu dogara ga Allah, kuma gwaji da shara da lasisi su ne igiyar. Gobe idan kun biyo ta Ƙofar Kabuga kuka wuce wani injin niƙa, ku ɗaga kai ku dubi azararsa. Idan yatsa zai iya yin rubutu a kan ƙurar da ke wurin, to ta isa a share.

 Allah ya kiyashe mu, ya kiyaye garinmu.